Mece ce ma'anar "ƙarin abinci", kuma ina wake ya shigo?

Uwar da ke kai jaririnta awo da rigakafi a unguwar Agege ko Idi-Araba a Legas, idan ya cika wata 6 za ta ji ma'aikaciyar jinya ta ce a fara masa ƙarin abinci. Wasu suna jin haka sai su ɗauka yaye ake nufi. A'a. Yaye shi ne cire yaro daga nono gaba ɗaya, irin wanda a gida ake kai shi wurin kakarsa ya kwana biyu har ya manta. Ƙarin abinci kuwa nono yana nan, ana dai haɗa masa da wani abu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla wata 6 na farko, sannan a ƙara abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

Dalilin wata 6 ɗin shi ne sinadarin ƙarfe mai gina jini, wanda jariri ya zo da shi daga ciki, yana raguwa a daidai lokacin, nono kaɗai kuma ba ya cike giɓin. Kuskurenmu a nan shi ne koko. Koko tsararo yana cika ɗan cikin yaro, uwa ta ga ya ƙoshi ya yi barci, alhali yawancinsa ruwa ne. Wake kuwa yana da furotin da sinadarin ƙarfen, ga shi daga Arewa ake sauke shi buhu-buhu a kasuwar Mile 12, ya fi nama da kifi sauƙin kuɗi.

Amma ba wakenmu na manya ba, wanda ya sha barkono da dunƙule. Na jariri sai an jiƙa, an surfa, an wanke ɓawon ya fita, kamar za a yi alale. Ɓawon nan yana da wuyar narkewa a cikin yaro, jiƙawar da zubar da ruwan kuma suna rage kumburin ciki. Sai a dafa har ya yi luguf, a dama ko a tace da rariya. Maƙwabtanmu Yarbawa sun riga mu wannan dabara da miyarsu ta wake da suke kira gbegiri, sai dai ta jariri ba gishiri, ba dunƙule, ba yaji. Ɗan manja kaɗan ya isa. Kanwa ma a bar ta, ko da tana sa wake saurin nuna. A ƙara masa lokaci a wuta ya fi. Kaurinsa ya zama idan an karkata cokali ba ya zubewa kamar ruwa.

Ƙwayar wake guda kuma, ko ta dahu, kada a miƙa wa ɗan wata 6, tana iya shaƙe shi. A zaunar da shi a miƙe, ba a kwance a cinya ana ɗura ba.

Akwai maganar maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin da aka samu a jikinsa, dangin fiya-fiya. Ni dai idan na shinshina wake na ji warin magani, ba na saye ko da an rage min kuɗi. Mai ɗan ƙwaro a ciki ya fi kwantar min da hankali, tsincewa ce kawai.

Ana farawa da cokali 2 zuwa 3, sau 2 ko 3 a rana daga wata 6 zuwa 8, daga wata 9 a koma sau 3 zuwa 4. Idan aka biyo shi da ɗan gwanda ko mangwaro da aka murƙushe, bitamin C ɗinsu yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen. Zuma dai sai ya shekara.

Ɗan tusa da canjin kashi ba abin tsoro ba ne. Ƙuraje, kumburin leɓe ko fuska, amai mai yawa ko numfashi da ƙyar, wannan asibiti ne nan take, kuma an fi ganinsa da waken suya da gyaɗa da ake sawa a garin kunun yara. Abin da ya rage a kwano kuma a zubar, domin a zafin Legas, ga wuta ba ta tsayawa, dafaffen wake ba ya jimawa yake tsami.