Kamfani Naka Kai Kaɗai a Ƙasar Sin: Abin da Doka Ta Sakar Maka da Abin da Ta Riƙe

Duk mai shirin kafa kamfani a ƙasar da ba tasa ba, tambayarsa ta farko ita ce ko dole sai ya haɗa jari da ɗan ƙasa. A Sin, a mafi yawan sana'o'i, ba dole ba ne. Baƙo yana iya mallakar kamfani ɗari bisa ɗari, irin wanda 'yan kasuwa ke kira WFOE. Sai dai da yawa suna jin wannan amsa sai hankalinsu ya kwanta, alhali a nan aikin yake farawa. Mallakar hannun jari daban, riƙe ragamar kamfanin daban, kuma wajen riƙe ragamar ne dukiyar mutane ta fi salwanta.

Sin ba ta buɗe wannan ƙofa lokaci guda ba. A 1979 ta yi dokar haɗin gwiwa, wadda ta ba baƙo damar shigowa muddin yana tare da abokin hulɗa ɗan ƙasa. A 1986 ta yarda da kamfanin da baƙi kaɗai suka mallaka, amma da sharaɗin ya zo da fasahar zamani ko ya riƙa fitar da yawancin kayansa waje. Wata dokar haɗin gwiwar ta biyo baya a 1988. Haka aka yi ta tafiya har ranar 15 ga Maris 2019, lokacin da majalisar dokokin ƙasar ta zartar da Dokar Zuba Jarin Waje, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020 ta maye gurbin dukkan ukun. Tun daga nan, dokar kamfanonin da ke hukunta ɗan ƙasa ita ce ke hukunta baƙo.

Ginshiƙin sabon tsarin shi ne wani jeri da gwamnati ke fitarwa na sana'o'in da aka haramta wa baƙi da waɗanda aka taƙaita musu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk sana'ar da ba ta cikin jerin, baƙo da ɗan ƙasa ɗaya suke a kanta. An fara gwada wannan a yankin ciniki maras shinge na Shanghai a 2013, daga baya aka faɗaɗa shi ga ƙasar baki ɗaya, kuma jerin sai raguwa yake yi. Wanda ya fara aiki ranar 1 ga Nuwamba 2024 yana da abubuwa 29, ya kuma cire sauran shingen da ya rage a fannin masana'antu. Ƙera motoci ya nuna yadda sauyin ya kai. Shekaru da dama kamfanin waje ba ya wuce rabin hannun jari, sai aka ɗage ƙa'idar ga motoci masu lantarki a 2018, Tesla ta gina masana'antarta a Shanghai ba tare da abokin tarayya ba, sannan a 2022 aka sakar wa sauran motocin fasinja. Amma kafafen labarai, buga littattafai, shirya finafinai, haƙar wasu ma'adanai masu wuyar samu da sayar da taba, duk har yanzu a rufe suke. Manyan hanyoyin sadarwa da jiragen saman fasinja kuwa sai ɗan ƙasa ne ke da rinjaye. Saboda haka kafin lauya, kafin hayar ofis, a fara buɗe jerin nan a duba.

Rajistar kanta ba ita ce mai wuya ba. Hukumar kula da kasuwanni ce ke ba da lasisi, bayan an kai mata sunan kamfani da harshen Sinanci, adireshi na gaske mai takardar haya, kundin tsarin kamfani, da takardun mai jari da aka tantance. Tun 7 ga Nuwamba 2023 Sin tana karɓar tambarin tantancewa na yarjejeniyar Hague, wadda ƙasashe suka ƙulla don amincewa da takardun juna, don haka wanda ƙasarsa ke cikin yarjejeniyar ya huta da zaryar ofishin jakadanci. Abu guda da ya kamata a zauna a kansa da kyau shi ne fagen sana'ar da za a rubuta a lasisi. Kamfanin da aka yi wa rajistar ba da shawara ba zai wayi gari ya fara shigo da kaya yana sayarwa ba, domin rasit ɗin da hukumar haraji ta amince da shi, wanda ake kira fapiao, yana tafiya ne da abin da aka yi rajista a kai, kuma babu babban kwastoman da zai biya ka ba tare da shi ba.

Sai maganar jari. Yawancin sana'o'i ba su da mafi ƙarancin kuɗin da doka ta yanke, kuma a da mutum na iya rubuta adadi mai tsoka ya ce zai biya nan da shekara ashirin ko talatin. Wannan ya ƙare. Gyararriyar dokar kamfanoni da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2024 ta ce duk jarin da aka yi alkawari sai an zuba shi cikin shekara biyar. Adadin da ka rubuta bashi ne a wuyanka: idan kamfanin ya kasa biyan masu binsa, za su iya neman ka cika abin da ya rage tun kafin wa'adin ya yi. Idan kuma ka rubuta kaɗan ƙwarai, kuɗin gudanarwa zai ƙare kafin ciniki ya kankama, kuma ƙaro kuɗi daga waje sai an sake bin hukuma da banki. Lissafin gaskiya na abin da kamfanin zai ci kafin ya tsaya da ƙafarsa, shi ya kamata a rubuta.

Yanzu ga wurin da nake so mai karatu ya fi zura ido. Kowane kamfani a Sin yana da mutum ɗaya da sunansa ke kan lasisi a matsayin wakilinsa a gaban doka, yana kuma da hatimi, jan tambarin nan da ake yi wa rajista a wurin 'yan sanda. Takardar da aka buga wa hatimin tana ɗaure kamfanin. Banki da shi yake aiki, hukumomi ma da shi suke aiki, har sauya shi wakilin kansa yakan buƙaci takardu masu ɗauke da hatimin. Wanda yake riƙe da shi a aljihun tebur, shi ne mai iko a zahiri, ko da ba shi da ko sisi a cikin jarin. Abin da ya faru da reshen Sin na Arm, kamfanin Birtaniya mai tsara ƙwaƙwalwar na'urorin lantarki, ya isa darasi. A watan Yuni 2020 hukumar daraktoci ta tsige shugabansa Allen Wu, shi kuwa ya ƙi sauka, ya riƙe hatimi ya ci gaba da gudanar da kamfanin, ba a iya raba shi da kujerar ba sai a Afrilu 2022. Wancan kamfanin haɗin gwiwa ne, amma mallakar ɗari bisa ɗari ba za ta kare kowa daga irin wannan ba idan ya miƙa hatimi da wakilci ga manaja ɗaya ya koma ƙasarsa. A rarraba hatiman, na kamfani a hannu ɗaya, na kuɗi a wani hannun, a rubuta a kundin tsari wanda ke da ikon naɗa wakili da sauke shi. Shi ma wanda zai karɓi wakilcin ya san nauyin da ya ɗauka, domin idan kamfanin ya ƙi bin hukuncin kotu ana iya hana shi hawa jirgi, ko ma fita daga ƙasar.

Akwai masu neman gajeriyar hanya, su yi rajista da sunan aboki ko suruki ɗan ƙasa, su rubuta wata takarda a gefe cewa kamfanin nasu ne. Ban ga hikimar wannan ba ko kaɗan. A littafin hukuma, mai sunan shi ne mai kaya. Idan kuma an yi dabarar ne don shiga sana'ar da aka haramta wa baƙi, kotun ƙolin Sin ta riga ta bayyana a ƙarshen 2019 cewa yarjejeniyar zuba jari a irin wannan fage ba ta da inganci, ka ga ke nan takardar gefen ba za ta cece ka ba. Wasu ƙasashen ma sun fi tsanani: a Tailan, aron sunan ɗan ƙasa laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara uku a ƙarƙashin dokar kasuwancin baƙi ta ƙasar ta 1999. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa ta kashe buƙatar dabarar da kanta, da ta soke sharaɗin kashi 51 na ɗan ƙasa a yawancin sana'o'i daga Yuni 2021.

Riba idan ta samu, fitar da ita halal ce, Dokar Zuba Jarin Waje ta faɗi haka ƙarara, amma da matakai. Za a biya harajin kamfani, wanda kashi 25 ne a ƙa'ida. Za a yi binciken asusu na shekara, a cike asarar shekarun baya idan akwai, a ware kashi 10 na ribar zuwa asusun ajiya na dole har sai ya kai rabin jarin rajista. Abin da ya saura ne ake rabawa, kuma a kansa akwai harajin kashi 10 kafin ya ƙetare iyaka, wanda ke iya sauka zuwa kashi 5 ga mai jarin da ya cika sharuɗɗan yarjejeniyar haraji, kamar ta Hong Kong ko Singafo. Banki ba zai aika kuɗin ba sai ya ga takardun kowane mataki.

Idan kasuwa ta ƙi, kada a kulle ofis a tafi. Kamfanin da ba ya ciniki ma dole ya ci gaba da kai bayanan haraji da rahoton shekara kafin 30 ga Yuni. Rufe shi a hukumance yana buƙatar a sanar da masu bin bashi, a sallami ma'aikata da haƙƙinsu, a samu wankewa daga hukumar haraji, abin da kan ɗauki watanni masu yawa. Wanda ya watsar da kamfani ba tare da wannan ba, hukuma za ta soke lasisin, kuma wakilin da aka samu da alhaki ba zai sake riƙe muƙamin darakta ko manaja a wani kamfani a Sin ba har tsawon shekara uku.