Auna lafiyar jijiyoyin jini ga masu ciwon suga

Taurin jijiyoyin jini wata cuta ce da kitse, musamman kolestarol, ke taruwa a bangon jijiya daga ciki, a hankali hanyar ta matse jini ya kasa wucewa yadda ya kamata. Idan abin ya faru a jijiyoyin zuciya sai ciwon zuciya, a ƙwaƙwalwa shanyewar ɓarin jiki, a ƙafa kuma miki ne da ba ya warkewa. Binciken Framingham na Amurka tun 1979 ya nuna masu ciwon suga sun fi sauran mutane haɗarin cututtukan zuciya da jijiya ninki biyu zuwa uku, saboda suga mai yawa yana cin lallausan rufin cikin jijiya.

Awon da ya fi sauƙi shi ne ABI, wato a auna ƙarfin jini a idon sawu a raba da na dantse. Daga 0.9 zuwa ƙasa akwai toshewa a ƙafa. To amma fa nan ne mai suga ke ruɗa likita, don wanda ya daɗe da ciwon sinadarin kalsiyam kan mayar da jijiyarsa kamar bututun ƙarfe, a ɗaura abin awo a hura iska jijiyar ta ƙi matsuwa, sai lamba ta haura 1.4 ko ma ta fito lafiya lau alhali ƙafar ba ta samun jini. Shi ya sa ake komawa babban yatsan ƙafa, nan jijiyoyin ba su cika yin wannan taurin ba.

Akwai sikanin jijiyar wuya da ke duba kaurin bangonta, ya wuce milimita 0.9 an fara zargi, akwai kuma awon gudun bugun jini daga wuya zuwa cinya, sama da mita 10 a daƙiƙa taurin ne. Hoton CT kuma yana ƙirga kalsiyam ɗin jijiyoyin zuciya.

Abubuwan da ke ƙara haɗari kuwa sanannu ne, hawan jini, taba, teɓa, shekaru, ciwon ƙoda, da HbA1c, wato awon matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, da ya zarce kashi 7. Kolestarol ma yana yaudara, LDL, wato mugun kolestarol, kan fito daidai a takarda amma ƙwayoyinsa ƙanana ne masu saurin kutsawa bango, ga HDL, wato kolestarol mai amfani, ya yi ƙasa. Ga kuma mutuwar jijiyoyin ji, wadda ke sa wani ya yi ciwon zuciya ko zafi bai ji a ƙirji ba.