Borobudur: ginin da ba a shigarsa, sai dai a hau

A ina yake, kuma wa ya gina shi?

Yana tsakiyar tsibirin Java na ƙasar Indonesiya, kusa da garin Magelang, kimanin kilomita 40 daga Yogyakarta. Sarakunan gidan Sailendra, mabiya addinin Buddha, suka gina shi a ƙarni na 9. Shi ne wurin ibadar Buddha mafi girma a duniya, ga shi kuma a ƙasar da yau akasarin mutanenta Musulmi ne.

To, ta ina ake shiga ciki?

Ai ba shi da ciki. Ba zaure, ba ɗaki, ba rufi. Tudu ne aka lulluɓe da duwatsu kusan miliyan 2, ba siminti ba laka, an sassaƙa su ne yadda wani zai cije wani. Hawa tara ne: shida masu kusurwa huɗu a ƙasa, uku zagayayyu a sama.

Mai ziyara yakan faro daga gabas, ya riƙa zagayawa ginin na hannun damansa. A hawan ƙasa lungu ne matsattse, bango dama da hagu cike da zanen da aka sassaƙa a dutse, har 2,672: rayuwar Buddha, masu noma, giwaye, jiragen ruwa. Kana tafiya kana karatu da ido. Da ka fito hawa ukun sama, sai bango ya ƙare, zane ya ƙare, sai sarari da iska. A nan akwai hasumiyoyi 72 masu kama da ƙararrawa a kife, duk huda-huda ne. Ka leƙa ta huda ka ga mutum-mutumin Buddha zaune a ciki. A ganina, wannan fitowa daga ƙunci zuwa fili ita ce hikimar maginan, domin tafiyar tana kwatanta rabuwa da sha'awar duniya.

Ya aka yi ya ɓace?

Mutane sun ƙaurace masa, toka da daji suka binne shi. A 1814 gwamnan Ingila a Java, Thomas Raffles, ya tura aka share wurin. Babban gyara kuwa sai tsakanin 1975 da 1982, lokacin da gwamnatin Indonesiya da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka sauke duwatsu fiye da miliyan 1, suka gyara magudanan ruwa, suka mayar da kowane mazauninsa. Ruwan sama ne babban abokin gabarsa.

Kowa yana iya hawa?

Yanzu an ƙayyade yawan masu hawa a rana, kuma tare da ɗan jagora ake tafiya. Takalminka ma sai ka cire. Za a ba ka wani saƙaƙƙe mai taushi da ake kira upanat, saboda tafin ƙafar masu ziyara ya fara cinye matakalan.