Waiwaye: Badaƙala da kujerar ɗan majalisa

Katsinawa ba sa buƙatar a ba su labarin abin da badaƙala ke haifarwa a majalisa. Ranar 17 ga Oktoban 2007, ana tsaka da hatsaniya a zauren Majalisar Wakilai kan kwangilar naira miliyan 628 da ta haɗa da gyaran gidan Kakaki Patricia Etteh, Dokta Aminu Safana, wakilin Batsari, Safana da Ɗanmusa, ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa. Kafin watan ya ƙare Etteh ta sauka daga kujerar da ta gada daga Aminu Bello Masari, amma ta ci gaba da zama 'yar majalisa har 2011.

Haka aka saba gani. Badaƙala kan ci kujerar shugabanci, domin abokan aiki ne ke da wuƙa da nama a kanta, amma ba kasafai take taɓa kujerar mazaɓa ba. Kakakin Majalisar Wakilai Salisu Buhari ne ya rasa duka biyun a 1999, kan takardar bogi ta Jami'ar Toronto da aringizon shekaru. Shi ma tarar naira 2,000 aka ci shi, daga baya Obasanjo ya yi masa afuwa.

Na Faruk Lawan ya fi ɗaukar hankali. Shi ya jagoranci 'yan majalisar da suka matsa wa Etteh lamba. A 2012, yana shugabantar kwamitin binciken tallafin man fetur, aka zarge shi da karɓar dala 500,000 daga ɗan kasuwar man fetur Femi Otedola. Sai a 2021 kotu ta ɗaure shi shekara 7, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su 5. Ya fito daga gidan yarin Kuje a 2024.

Masu kwarmato ma ba su tsira ba. Abdulmumin Jibrin a 2016 da Abdul Ningi a 2024, dakatarwa suka sha kan zancen cushe a kasafin kuɗi.

Masu zaɓe kuwa, sashe na 69 na kundin tsarin mulki ya ba su damar kiranye, sai dai tun 1999 ba a taɓa dawo da ɗan Majalisar Tarayya gida ta wannan hanya ba. Yunƙurin da aka yi kan Sanata Dino Melaye ya wargaje a 2018 wajen tantance sa hannu. A majalisun hira na Ƙofar Soro ko Kangiwa ma, in ana auna wakili, taki da rijiyar burtsatse da takardar ɗaukar aiki ake fara lissafawa kafin a zo kan abin da jaridu suka rubuta.