Ba ganganci ba ne, jijiya ce

Har yanzu a nan Gombe ana dukan yaron da aka haifa da ƙullutu a gadon baya, wato spina bifida, wai da gangan yake kashi a wando. Haba jama'a! Jijiyoyin wurin ne suka samu matsala tun yana ciki, bai ma jin fitarsa. Kuma ruwa-ruwan nan da ake ɗauka gudawa ce har a sayo maganin tsayarwa a kemis, sau da yawa kashi ne ya taurare ruwa ke bi ta gefe, maganin ƙara toshe shi yake. Uwa, ɗora shi a fo kullum bayan cin abinci, ba shi ruwa sosai, miyar kuɓewa, gwanda. In ya ƙi sai asibiti.