Cire maƙalallen haƙori mai lanƙwasasshiyar saiwa

Maƙalallen haƙori shi ne wanda lokacin fitowarsa ya wuce amma ya tsaya cikin ƙashin muƙamuƙi ko ƙarƙashin dasashi. An fi ganinsa a turmin ƙarshe na ƙasa, wanda kan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, sai kuma fiƙar sama. Wani lokaci saiwarsa kan tanƙware kamar ƙugiya. Likitan haƙori John Tomes na Ingila ya bayyana wannan lanƙwasa a 1848.

A haƙoran gaba, sanadin yakan faro tun kafin famfara: yaro ya faɗi da baki, haƙorin yarinta ya dannu ciki ya bugi wanda ke tsirowa a bayansa, saiwar ta ci gaba da girma a karkace. A turame kuwa, rashin wuri kan jawo lanƙwasar.

Ido ba ya ganin saiwa, shi ya sa ba a taɓa haƙorin sai an ɗauki hoton ƙashi, wanda a Yamai ake ce wa radiyo. Abin da ake dubawa shi ne kusancin saiwar da jijiyar da ta ratsa muƙamuƙin ƙasa. In aka taɓa jijiyar, leɓe da haɓa su daina jin taɓi na makonni, wani lokaci har abada. Wannan aikin ya fi ƙarfin awartakin wanzami, domin fizga da ƙarfi ɓalle saiwar take yi, guntun ya zauna cikin ƙashi.

Bayan allurar kashe zafi, likita ya tsaga dasashi ya ɗaga shi, ya rage ƙashi da ɗan injin da ake zuba wa ruwa don kada ya yi zafi. Sannan ya yanka haƙorin gida-gida, ya zaro kowace saiwa a hankali yana bin lanƙwasarta, ya wanke ramin ya ɗinke. Idan saiwar ta rungumi jijiya, akan cire kan haƙorin kaɗai a bar saiwar da gangan. Irin wannan fiɗa ana yin ta a sashen haƙori da muƙamuƙi na babban asibitin ƙasa na Yamai.

Ranar farko ba a kurkure baki, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita. In ya fita, raɗaɗi kan taso bayan kwana 2 zuwa 4. Daga washegari sai ruwan gishiri mai ɗumi. Kunu da fura sun wadatar, taba da goro da kilishi a jingine su. Zaren ɗinki akan cire shi bayan mako ɗaya.