Tsibirin Aman Wuta Ba Kufai Ba Ne

Mutane da yawa sun ɗauka duk inda dutse ya yi aman wuta, ƙasar ta mutu ke nan, ba abin da za ka tarar sai toka da duwatsu baƙi ƙirin. Tsibirin Fogo a ƙasar Cape Verde, yamma da Senegal, ya ƙaryata wannan zato.

Dutsen Pico do Fogo ya kai tsayin mita 2,829, kuma a gindinsa, cikin kwarin Chã das Caldeiras, mutane ke zaune suna noma. Manomi kan tona rami a baƙar tokar nan ya dasa inabi, ga ɓaure da tuffa da rumman. Dalili kuwa, toka idan ta daɗe tana ruɓewa, takan saki sinadarai masu ciyar da shuka, sannan tana riƙe laima. Shi ya sa gahawar da ake nomawa a yankin Mosteiros na tsibirin ta yi suna.

Haɗari dai akwai shi, kada a raina. A 2014 narkakken dutse ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira, amma ba a rasa rai ba. Mazauna suka dawo suka sake gini, har suna jagorantar baƙi zuwa ƙololuwa.